Yadda ake haɗa samfurin jirgin yaƙin Birtaniya na ajin Cherokee da katako

Duk wanda sha'awar jiragen ruwan zamanin filafilai ta kama, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne Victory, jirgin babban hafsan ruwan Birtaniya Nelson mai hawa uku da igwa sama da ɗari. Shawarata a bar shi tukuna, da rarrafe yaro kan tashi. Jirgin da ya dace a fara da shi ƙarami ne, mai jigo biyu (dogayen sandunan da ke ɗaukar filafilai) da igwa goma, daga ajin da ake kira Cherokee. Henry Peake, mai zana wa rundunar ruwan Birtaniya jirage, shi ne ya zana shi a 1807, na farkonsu suka shiga ruwa a 1808, kuma rundunar ruwan Birtaniya ta ci gaba da ƙera su har cikin shekarun 1830, sai da suka haura ɗari. Irin wannan jirgi mai jigo biyu shi ake kira birig.

Matuƙansu ba su cika yabonsu ba. Laƙabin da suka ba su shi ne akwatin gawa, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun halaka a teku, wasu sun nutse, wasu sun daki duwatsu. Daɓen jirgin, wato shimfiɗar saman da matuƙa ke takawa, yana kusa da ruwa, ga kuma katangar katako mai tsayi ta kewaye shi, don haka in babbar igiyar ruwa ta faɗo ciki sai ta tsaya kamar a kwano, ba ta saurin fita. In ka haɗa samfurin daidai, za ka ga wannan aibi da idonka a kan tebur. Shi ya sa nake matsa wa mai koyo ya bi zanen asali sau da ƙafa, kada ya gyara wa jirgin sura don ya ƙara masa kyau.

Mataki na farko: jirgi ɗaya, shekara ɗaya

Kafin ka taɓa zarto, ka yanke shawarar wane jirgi kake yi, kuma a wace shekara ta rayuwarsa. Zane ɗaya ne ya haife su, amma aiki ya raba su. Wasu sun yi yaƙi a zamanin Napoliyon. Wasu an mayar da su jiragen kai wasiƙu daga tashar ruwan Falmouth ta Ingila. Mafi shahararsu, Beagle, an sauke shi ruwa a Woolwich, a bakin kogin Thames, ranar 11 ga Mayu 1820 bisa tsarin jigo biyu kamar 'yan uwansa, amma a 1825 aka ƙara masa jigo na uku a baya, aka yi masa ɗaki a ƙeya da rufi a goshi, aka rage igwarsa zuwa shida. A 1831 Kyaftin FitzRoy ya sa aka ɗaga daɓensa da inci 8 a baya da inci 12 a gaba, kafin ya tashi daga Plymouth ranar 27 ga Disamba da Charles Darwin a ciki, tafiyar da ba ta ƙare ba sai Oktoba 1836. Saboda haka wanda ya haɗa jirgi mai jigo biyu da igwa goma ya rubuta masa Beagle na Darwin ya yi kuskure.

Akwai kuma waɗanda aka turo gaɓar Afirka ta Yamma. Birtaniya, wadda ta daɗe tana cikin manyan masu fataucin bayi, ta haramta cinikin a 1807, ta kafa rundunar sintiri a 1808. Buzzard, ɗan wannan aji, ya kama jirgin bayi na Sifaniyawa mai suna Formidable a Disamba 1834 da mutane kimanin 700 a cikinsa. Waɗanda ake 'yantawa Freetown ta Saliyo ake kai su, a cikinsu har da Hausawa, kuma a bakin irinsu ne J. F. Schön, Bajamushe ɗan mishan, ya fara koyon Hausa. Sai dai wasu jiragen wannan sintiri an sauya musu tsarin filafilai da yawan igwa, don haka suna buƙatar ƙarin bincike. Ga mai farawa, siffar asali ta 1808 ta fi sauƙi: daɓe ɗaya shimfiɗe daga goshi har ƙeya, jigo biyu, igwa goma.

Mataki na biyu: zane da awo

Zanen asali na waɗannan jirage yana gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Landan, ana iya ganin hotunansa a shafinsu na intanet, ana kuma sayen kwafi. Kashi uku ne, kuma sai ka fahimci ukun. Na farko jirgin ne daga gefe. Na biyu daga sama, rabi kawai, tunda hagu da dama ɗaya ne. Na uku shi ne mafi amfani gare ka: jirgin daga gaba da baya a takarda ɗaya, gefe guda yana nuna layukan goshi, ɗayan layukan ƙeya. Kowane lanƙwasasshen layi a nan yanki ne na jikin jirgin, kamar an yanka burodi an kalli fuskar yankan.

Tsawon daɓen ƙafa 90 ne, faɗinsa ƙafa 24 da inci 6. Masu zanen rundunar suna aiki da ma'aunin 1 cikin 48, wato rubu'in inci a madadin ƙafa ɗaya, kuma shi nake so ka bi. Da shi gangar jirgin za ta zo santimita 57 a tsawo, 15.6 a faɗi. Ka ƙara kamar rabin wannan tsawo saboda sandar da ke miƙewa daga goshi da wadda ke leƙowa ta baya, don ka san wurin da za ka ajiye shi. In wuri ya yi maka kaɗan, ma'aunin 1 cikin 64 zai ba ka santimita 43, amma igiyoyin za su wahalar da yatsu.

In ka buga zanen a shagon kwamfuta, ka sa rula ka auna kafin ka bar wurin. Injin bugawa yakan rage girma kaɗan ba tare da an sani ba. Sannan ka yanko ɗan mutum na kwali mai tsawon santimita uku da rabi ka ajiye kusa. Duk abin da ka sassaƙa, ƙofa ko tsani ko igwa, ka tsayar da shi a gefensa. Shi zai gaya maka in abu ya yi kauri.

Mataki na uku: kayan aiki

Ba a buƙatar inji. Zarto mai siririn haƙori, wuƙa mai kaifi ko reza mai mariƙi, magagari ƙarami, samfefa mai kaushi da mai laushi, rula ta ƙarfe, sukwaya, abin huda ƙananan ramuka, allurai masu kai, matsen shanya, da farin gam na kafintoci. Katako kuwa iri uku: filawud mai kaurin milimita 5 ko 6 don ƙashin jirgi, farin katako mai laushi irin obece don shimfiɗar farko ta allunan jikin jirgi, da katako mai ƙarfi mai lafiyayyar tsoka kamar maɗaci don ta biyu. Ka roƙi kafinta ya tsaga maka sirara: masu kaurin milimita ɗaya da rabi, da masu kaurin da bai kai milimita ɗaya ba, duka faɗin milimita 5. Katakon ya zama busasshe, ka kuma bar shi makonni a ɗakin da za ka yi aikin. Wanda aka manna da damina yana ɗanye, hunturu na zuwa zai buɗe baki.

Mataki na huɗu: ƙashin baya da haƙarƙari

Kwafi siffar jirgin ta gefe a kan filawud ka yanke. Wannan shi ne ƙashin baya. Daga zane na uku kuma ka kwafi yankuna goma sha biyu zuwa sha huɗu. Dabarar ita ce ka ninka takarda biyu, ka zana rabin, ka yanke, ka buɗe, sai hagu da dama su zo daidai. Manna takardar a filawud ka yanke. Waɗannan su ne haƙarƙarin. A kowanne ka yi tsaga daga ƙasa zuwa tsakiya, a ƙashin baya kuma daga sama zuwa tsakiya, yadda za su shige juna. Saman kowane haƙarƙari kada ya zama miƙaƙƙe, ya ɗan yi tudu a tsakiya, domin haka daɓen yake don ruwa ya gangara gefe.

Kafa ƙashin bayan tsakanin sanduna biyu miƙaƙƙu a kan allo mai kauri don kada ya karkace. Jera haƙarƙarin duka ba gam, ka duba, sannan ka manna su ɗaya bayan ɗaya da sukwaya a gefe. Tsakanin haƙarƙari biyu na farko a goshi da biyun ƙarshe a ƙeya, ka cike da guntayen katako mai laushi, saboda a nan lanƙwasa ta fi tsanani kuma allunan suna buƙatar abin kwanciya.

Mataki na biyar: daidaita jiki

A nan kyan jirgi yake, a nan kuma yawancin mutane ke gaggawa. Bakin kowane haƙarƙari a miƙe aka yanke shi, alhali jikin jirgi yana tsukewa zuwa goshi da ƙeya. In ka ɗora allo haka, gefen baki ɗaya kawai zai taɓa. Sai an goge bakin ya karkata ya bi kwanciyar jikin. Manna samfefa a kan wata sanda mai ɗan lanƙwasuwa wadda tsawonta zai haye haƙarƙari uku a lokaci guda, ka riƙa gogewa daga tsakiya zuwa goshi, daga tsakiya zuwa ƙeya. Kafin ka fara, ka shafa fensir a bakin da ya fi faɗi na kowane haƙarƙari, wato na ɓangaren tsakiyar jirgi. Muddin layin fensirin yana nan, ba ka ci siffar asali ba.

Kowane ɗan lokaci ka ɗauki siririn allo ɗaya ka kwantar da shi a jikin, sama, tsakiya, ƙasa. Ya kwanta lumui a kan kowane haƙarƙari. Inda ya yi tsalle akwai tudu, a goge. Inda ya bar rata akwai kwari, a manna siririn katako a sake gogewa. Rufe ido ka bi da tafin hannu, hannu yana jin abin da ido bai gani ba. Wannan aiki zai iya cin maraice huɗu ko biyar, kuma bai kamata ka ji ka ɓata lokaci ba. Duk tudun da ka bari a nan zai fito a shimfiɗar farko, ya fito a ta biyu, ya fito a ƙarƙashin fenti.

Mataki na shida: shimfiɗa alluna

Abin da ya kamata ka gane tun farko shi ne allunan jirgi ba faɗinsu ɗaya ba daga farko zuwa ƙarshe. Cikin jirgi yana da faɗi, goshi tsukakke ne, amma yawan allunan ɗaya ne. Don haka kowanne sai ya sirance yayin da yake nufar goshi.

Ga yadda ake lissafin. Ɗauki siririyar takarda ka auna bakin haƙarƙarin tsakiya daga ƙashin baya zuwa layin daɓe. A ce ka samu milimita 110. Raba da 5, alluna 22 ke nan. Auna wani haƙarƙari kusa da goshi, a ce 77. Raba da 22, ka samu uku da rabi. To a wannan wuri kowane allo faɗinsa milimita uku da rabi ne. Yi haka ga kowane haƙarƙari, ka rubuta a takarda, ka ɗiga alamomin a jikin katakon. Ƙa'idar masassaƙan jirgi ita ce kada allo ya sirance ya gaza rabin faɗinsa, kada kuma ya ƙare da tsini kamar mashi, don ba a iya kafa ƙusa a tsini. In lissafi ya nuna zai gaza rabi, sai a haɗe alluna biyu su koma ɗaya kafin goshi. A ƙeya akasin haka ake samu: wuri yana buɗewa, sai a cusa ɗan gajeren allo ya cike ratar.

Fara da allon da ke bin layin daɓe, sannan na ƙasa can da ke manne da ƙashin baya, sai ka cike tsakani. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kullum. In ka gama gefe guda kafin ɗayan, gam yana bushewa zai ja ƙashin bayan ya karkace, kuma babu magani. Don lanƙwasawa, jiƙa allon a ruwan zafi na minti goma sha biyar, ka ɗora shi a jikin gwangwani ko kwalba, ka bi shi da dutsen guga har ya bushe a lanƙwashe. Kada ka tilasta busasshen allo da allura. In bai kwanta da kansa ba, bai lanƙwasu ba tukuna.

Bayan shimfiɗar farko, cike ramuka da garin katako da aka kwaɓa da gam, a goge sumul. Sannan shimfiɗa ta biyu da siraran maɗaci, da lissafi iri ɗaya, amma yanzu a yanka su gajeru, kamar santimita 13 zuwa 15, kada kuma mahaɗar alluna biyu maƙwabta ta faɗo wuri ɗaya. A ƙasan ƙofofin igwa akwai ɗamara ta alluna masu kauri da ke zagaye jirgin. Ninka allo biyu a nan don ta fito.

Mataki na bakwai: daɓe da katanga

Daɓen da farin katako ake yi, tunda matuƙa kullum cikin goge shi suke da dutse da yashi. Kafin ka manna kowane allo, shafa fensir mai laushi a gefensa ɗaya, zai ba da siririn baƙin layi kamar kwaltar da ake cusawa tsakanin alluna. Fara daga layin tsakiya zuwa gefe. Sai katanga: ɗaga ta bisa tsayin da zane ya nuna, ko da ta yi maka kama da ta yi yawa. Tsayar da ɗan mutumin kwalinka a bayanta ka ga inda ta kai masa. Ƙofofin igwa ka auna su daga zane, ka huda kusurwa huɗu, ka yanke da wuƙa, ka ƙarasa da magagari. Gindin kowace ƙofa yana bin layin daɓe, gefunanta kuma a tsaye suke. Kada ka manta ƙananan ramukan fitar ruwa a gindin katangar. Ƙanƙantarsu in an gwada da faɗin daɓen tana cikin labarin jirgin.

Mataki na takwas: jan ƙarfe da fenti

Tun wajen 1780 rundunar Birtaniya take lulluɓe gindin jiragenta da fallayen jan ƙarfe, don kare katako daga tsutsar teku mai huda shi da ciyawar da ke rage gudu. Kowane falle tsawonsa ƙafa 4 ne, faɗinsa inci 14, wato a ma'auninmu milimita 25 a tsawo, 7 da ɗan ɗori a faɗi. Zaunar da jirgin daidai, ka ɗaure fensir a kan guntun katako mai tsayin layin ruwa (inda ruwa ke kaiwa a jikin jirgi), ka zagaya da shi a kan tebur. Ƙasan layin nan ne wurin jan ƙarfe. In ka samu siririn jan ƙarfe mai gam a baya, yanka shi, ka fara daga ƙeya kusa da ƙashin baya, kana yin gaba kana yin sama, jeri kamar na bulo. In babu, yanka takarda mai ɗan kauri daidai wannan awo, ka manna, ka shafa fenti ruwan jan ƙarfe. Wannan ya fi shafa fenti a kan katako kai tsaye kyau.

Sama da layin ruwa baƙi ne, da ɗamara ruwan ɗorawa mai duhu a layin ƙofofin igwa in jirgin na zamanin yaƙin Napoliyon ne. Bayan yaƙin fari ya maye gurbinta. Fenti mara ƙyalli za ka nema, ka tsinka shi, ka shafa sau uku.

Mataki na tara: igwa

Takwas daga cikin goman karonad ne, gajerun igwa masu faɗin baki da kamfanin Carron na Sikotilan ya fara ƙerawa a ƙarshen shekarun 1770. Kowace tana harba dunƙulen ƙarfe mai nauyin laba 18, kilo takwas da 'yan kai. Ba su cin nisa, amma a kusa ɓarnarsu babba ce, kuma mutane kaɗan ke sarrafa su, abin da ya dace da jirgi mai mutum 75. Ba a kan keke mai ƙafa huɗu suke zama ba, a kan allo suke zamewa gaba da baya. Sauran biyun dogaye ne masu laba 6, a gaba, su ne ke kan keke. Sassaƙa ɗaya ta yi kyau, sannan ka kwaikwaye ta. Kowace a ɗaure ta da igiya mai kauri daga gindinta zuwa katanga hagu da dama, wadda ke tare ta in ta ja da baya.

Mataki na goma: jigo da igiyoyi

Kada ka nemi sanda mai zagaye. Ɗauki mai kusurwa huɗu, ka sirantar da ita zuwa sama bisa awo, ka goge kusurwoyin ta zama takwas, sannan sha shida, sannan ka murza ta cikin samfefa. Haka masu yin jigon gaske suke yi, kuma ta fi fitowa a miƙe. Kowane jigo hawa uku ne da ake ɗorawa a kan juna, da ɗan dandamali a mahaɗar farko. Sandunan gicciye da ke ɗaukar filafilai sun fi kauri a tsakiya. Jigon baya yana da ƙarin sanduna biyu masu nufar ƙeya, ta sama da ta ƙasa.

Igiyoyi iri biyu ne. Masu riƙe jigo ba sa motsi, ana shafa musu kwalta, don haka baƙin zare. Masu jan filafilai suna gudu cikin 'yan katakai masu rami, launin rama suke. Nemi zare mai kauri uku ko huɗu daban-daban, domin igiyar ƙasa ta fi ta sama kauri nesa ba kusa ba, kuma jirgin da aka ɗaure da zare iri ɗaya nan take ake gane shi. Ja kowane zare a kan kakin zuma kafin amfani, zai kwantar da gashinsa.

Baƙaƙen ake fara ɗaurawa, daga ƙasa zuwa sama, daga ciki zuwa waje. Igiyoyin gefe bibbiyu ake sa su, a rataya a wuyan jigo, biyun farko a dama, na biye a hagu, haka har su ƙare. Sai masu jan jigo zuwa gaba. Kada ka ɗaure su tamau, ka ja daidai yadda za su miƙe, kana duban jigon daga gaba don kada ya karkata. Sannan tsanin igiya da matuƙa ke hawa: sa kwali mai layuka a tazarar milimita 7 ko 8 a bayan igiyoyin gefe, ka bi layin kana ƙulla siririn zare a kowace igiya. Ƙulli ɗaruruwa ne. Yi layi goma ka huta, ka ɗiga tsinkakken gam a kowane ƙulli kafin ka yanke bakin zaren.

Filafilai kuwa, ni ina ganin a bar su. Kowane yadi ya yi kauri a wannan ma'auni, kuma yana rufe aikin igiyoyin da ka sha wahala a kansu. In dole ne, yi su da yadi mafi siranta, a naɗe a jikin sandunansu kamar jirgi yana tashar ruwa.

Tuta tana da nata tarihi. Kafin 1864 jiragen yaƙin Birtaniya suna ɗaga ja, fara ko shuɗiya gwargwadon rundunar babban hafsan da suke ƙarƙashinsa, don haka ba dole sai fara ba. Alamar tutar Birtaniya da ke kusurwarta ta zama mai jan gicciye a karkace, wanda aka ƙara a 1801.

Daga ƙarshe yi masa gindin zama da akwatin gilashi tun kafin ka gama igiyoyin, domin ƙura in ta kama zare mai kaki ba ta fita, kuma ba a goge jirgi mai igiya da tsumma. Ajiye shi nesa da taga da hasken rana. A jikin gindin ka manna 'yar takarda mai sunan jirgin, shekarar da ka zaɓa, da ma'aunin 1 cikin 48.